Gwaggo a Tudun Haƙuri

Laraba, 8 ga Afrilu, da hantsi

Ban fita tasha ba yau. Maman Ummi ta tambaye ni ko jikin ne, na ce mata mura ce. Mura, a wannan zafin da kwalta ke narkewa. Ta dube ni, ta ajiye min koko da ƙosai, ta koma wajen tandar masarta. Ta riga ta ji. Duk unguwar Magajiya ta ji.

Gwaggo, motata ta janwe, tana ƙofar gida, na lulluɓe ta da tamfol. Tun kafin a haifi Ummi nake jan motocin mutane da janwen nan, daga Madalla har Dikko, damina da rani, ban taɓa lulluɓe ta ba sai jiya.

Abin da zan iya rubutawa shi ne wannan. Ta tafasa a Tudun Haƙuri, hawan nan na hanyar Chaza da mu direbobi muka raɗa wa suna, da rana tsaka, da motar wani ɗan kasuwa a bayanta. Tururi ya turnuƙe gabanta, ta yi tari, ta mutu. Mai motar ya fito yana buga waya yana hararata, sai ka ce ni na lalata masa tasa. Wanda ya zo kuwa Stanley ne, matashin nan da ya shigo tasharmu bara da sabuwar janwe mai fitilu har a rufi. Ya fara kai motar mutumin gareji, sannan ya dawo ta kanmu. Yadda muka iso gari kuma ba zan rubuta ba.

Laraba, bayan la'asar

Ta bakin kasuwa fa. Akwai hanyar baya, kuma Stanley ya san da ita.

Alhamis, 9 ga wata, bayan azahar

Ciyaman ɗin ƙungiyarmu ta masu janwe ya zo har gida. Ya gaishe ni, ya gaida iyali, ya tambayi zafi, ya tambayi kaji, sai da abin tambaya ya ƙare masa sannan ya kalli tamfol ɗin.

"Malam Mu'azu, ka san dai ba ni na ce ba. Doka ce."

Na sani mana. Ina zaune aka kafa ta, har na fi kowa ɗaga hannu. Duk janwen da wata janwe ta dawo da ita gida, ta fita daga layin tasha, ba a ba ta aiki, har sai ta ja Gawa ta haye da ita Tudun Haƙuri da tsakar rana, ba tsayawa, a gaban 'yan ƙungiya. Gawa ita ce matacciyar bas ɗin nan da muka ajiye a bayan tasha cike da buhunan yashi. Gwaji ɗaya ne, ba a maimaitawa. In ta faɗi, ita da tasha har abada, ni kuma ko sabuwa na sayo daga baya ƙarshen layi zan koma, bayan waɗanda na koya wa ɗaura sarƙa, in riƙa kallo ana ba su aikin tifa da tirela. In kuwa na kawo wata motar kafin ƙarshen wata, ba gwaji, gurbina yana nan. Ya ce in yi tunani, kada in bi zuciya. Na ce na gode, na raka shi har bakin titi.

Abin da ya fi ci min rai allon nan ne. Wata guda ke nan da na sa aka yi min shi, don na gaji da ganin kowa na kiran Stanley saboda lambarsa tana rubuce ɓaro-ɓaro a jikin mota. Farantin ƙarfe ne, daga fitila zuwa fitila, ja da ruwan ɗorawa: MU'AZU JANWE, BA MA BARCI, da lambar wayata a ƙasa. Na ɗaure shi da noti a gaban Gwaggo. To shekaranjiya da hancinta ya yi sama, allon ma sama ya yi, masu tumatir da 'yan acaɓa kowa ya karanta. Wani ɗan banza har ya kira lambar, ina zaune kusa da Stanley waya tana kuka a aljihuna.

Juma'a, 10 ga wata, bayan masallaci

Na kwance allon na jingine shi a zaure, don ba zan bar sunana ya yi kwanaki a gareji kowa na nunawa ba. Da sanyin safiya na cika lagireto da ruwa, na lallaɓa ta zuwa wajen Elisha, da ƙafarta. Elisha ne bakanikenta tun ranar da ta shigo hannuna. Ya san kowane noti a jikinta, amma da ya leƙa gidan gaba maleji ya fara kallo, ya yi fito.

Malejin nan sau biyu yana cika ya koma sifili a hannuna, ga shi saura kaɗan ya cika na uku. Tafiyar da ta yi a ƙasar Turawa kafin ta zo kuma Allah kaɗai ya sani. Da abin alfahari ne, har kiran mutane nake su zo su gani. Yanzu duk wanda ya gani sai ya girgiza kai kamar ya zo duba mara lafiya.

Elisha ya ce zai buɗe kan inji ya canza gasket, ya wanke lagireto, amma in sa a raina cewa shi bai iya gyaran tsufa ba. Na ce masa shi ma furfura ta cika masa kai, ba wanda ya kai shi wajen masu yanka. Ya ce ai shi bai tafasa a kan hanya ba tukuna.

Lahadi, 12 ga wata, da yamma

Maman Ummi ta buɗe baki yau. Ta ce in sayar. Ba don abin kasuwa ba, ta ce wannan ya wuce, gobe wani za su samu su yi wa dariya. Don gwiwata ce. Ta ce kullum na dawo sai ta dafa ruwa ta gasa min ƙafar hagu saboda kulocin Gwaggo, ga shi wani lokacin a zaune nake sallah ina ce wa mutane tuntuɓe na yi. Ummi ma ta kira daga Abuja, bakinsu ɗaya da uwarta, ta ce ita da mijinta za su tallafa in an samu mai ɗan dama-dama.

Na yi faɗa. Na ce motar da ta ciyar da su, ta kai su makaranta, ita suke so in miƙa wa mahauta. Na san suna da gaskiya a kan gwiwar, shi ya sa faɗan ya yi tsawo.

Litinin, 13 ga wata, bayan azahar

Na hau acaɓa na je wajen Kenechi, don in gani kawai. Filinsa yana can bayan Tudun Haƙuri, gefe ɗaya motocin Kwatano na sayarwa, ɗaya gefen kuma inda ma'aikatansa ke yanka tsofaffi su sayar da sassa. A Suleja aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan unguwarmu. Yana da janwe guda, fara sol. Ya ce in ba shi Gwaggo in yi ciko.

Na hau. Allah ya sani ban so ta yi min daɗi ba. Kuloci kamar ka taka burodi, sitiyari da yatsa ɗaya, ga sanyi na busowa. Na zagaya da ita har Kwamba na dawo, gwiwata ba ta ce komai ba. Da na sauko Kenechi yana murmushi, ya ce, "Oga Mu'azu, fuskarka ta riga ta saya." Na ce masa fuskata ba ta da aljihu.

Ban kalli ɓangaren yanka ba. Na dai ji ƙarar guduma.

Talata, 14 ga wata, da hantsi

An aike ni sayen tattasai. Mai tumatir ya ce, "A'a, Ba Ma Barci, yau a ƙasa?" Na sayi tattasan a wajen maƙwabcinsa, ko da yake nasa ya fi kyau.

Laraba, 15 ga wata, bayan la'asar

Alhamdu lillahi. Elisha ya gama. Muka ɗaura wata matacciyar akori-kura ta garejinsa a baya, muka nufi Tudun Haƙuri lokacin da rana ta fi ƙuna. Idona ɗaya a hanya, ɗaya a allurar zafi. Ta tsaya a tsakiya cak, tun daga gindi har ƙoli, ko gezau. Elisha yana dukan ƙofa yana waƙar cocinsu, ni ina kabbara, masu tallan rake suna kallonmu baki buɗe.

Tsufa wai. Su zo su gani. Kenechi ya riƙe farar motarsa ya yi ta shan sanyi.

Alhamis, 16 ga wata, da magariba

Na wanke ta tun daga taya har rufi, na shafa wa sarƙa baƙin mai, na mayar da allona na ɗaure tamau. Na bi ta tasha a hankali ina danna hon. Stanley ya ɗago min hannu, na yi kamar ina gyara madubi. Na ce wa Ciyaman ya sa ranar gwaji, ya sa Talatar ƙarshen wata.

Juma'a, 17 ga wata, da magariba

Ta sake.

Asabar, 18 ga wata, da hantsi

Ni kaɗai na je jiya, don in ƙara jin daɗi, ba komai a bayanta, ko keke. Kafin rabin tudu allura ta fara hawa, ina kallo ina ce mata a'a, a'a, Gwaggo kada ki yi min haka. Na kashe ta kafin ta tafasa. Na zauna ƙarƙashin wani mangwaro har la'asar, sallar Juma'a ma ta wuce ni, ina ta addu'a kada wani ɗan tasha ya gifta. Da ta huce na ba ta ruwa, muka gangaro ta hanyar baya, da ƙafarta. Ko ba komai wannan ban bari an ƙwace mana ba.

Na kira Elisha a waya. Ya ce in har ta yi zafi ba kaya bayan sabon gasket, to gangar injin ce ta tsage ta ciki, inda ido ba ya gani. Ya ce a irin wannan malejin haka suke yi, yau lafiya gobe babu. Ya ce, "Mu'azu, ka bar ta ta huta. Na fi ka baƙin ciki."

Bai fi ni ba.

Lahadi, 19 ga wata, da yamma

Na yini a zaure. Kaji sun shiga ƙarƙashinta suna shan inuwa, ban kore su ba.

Litinin, 20 ga wata, bayan azahar

An gama. Na tafi da Elisha a matsayin shaida, Kenechi ya kira maƙwabcinsa mai walda. Bai nemi ganin ta ba, ya ce wa bai san Gwaggo ba a garin nan. Muka ja, muka ja, har muka tsaya inda muka tsaya. Ya miƙo hannu ya ce, "Ka sallama?" Na ce, "Na sallama." Mahaifina dillalin shanu ne, a gabansa na tashi, ban taɓa ganin ya furta kalmar nan ya dawo ba, ko da ya gane an cuce shi.

Kenechi ya ce jibi zai turo a ɗauko ta, in karɓi makullin fara. Na tambaye shi da me za a ɗauko ta. Ya ce zai yi wa Stanley magana. Wallahi sai da na miƙe tsaye. Na ce da ƙafarta za ta zo, ni zan kawo ta, ko da kowane taku sai na tsaya na ba ta ruwa. Ya ce ba damuwa, amma in cire allona, shi ƙarfe ya saya, bai sayi sunana ba.

Talata, 21 ga wata, bayan la'asar

Na kwashe kayana daga gidan gaba. Carbi, tsohuwar darduma, buta, sifanar da na daɗe ina zargin Elisha da riƙe min, da ɗan takalmin Ummi ƙafa ɗaya da ya maƙale a bayan kujera tun tana rarrafe. Maman Ummi ta fito da ruwa a bokiti ta ce za ta goge kujerun. Na ce mata motar da za a yanka me za a goge. Ta ce ba ruwana. Tana gogewa tana jan hanci, ita da ta ce in sayar. Ta ce a kujerar nan ta zauna ranar da aka kai ta haihuwa, ina tuƙi ina yi wa 'yan acaɓa masifa, ita kuma tana yi min tawa.

Raina ba daɗi. Ji nake na ci amana.

Laraba, 22 ga wata, bayan la'asar

Sai na rubuta wannan tun da zafinsa.

Na kwance allon na jingine a zaure. Na cika jarkoki da ruwa na ɗora a baya. Ban samu fita da sanyi ba, don maƙwabta sun yi ta zuwa sallama da ita kamar mai tafiya Hajji, sai da rana ta take muka kama hanya. A gindin Tudun Haƙuri na sa giya ta biyu na ce mata, to Gwaggo, a hankali, ba mai korar mu. Na zuba wa allura ido ina jiran inda zan tsaya.

Muka wuce mangwaron nan. Allura tana tsakiya. Muka wuce inda ta mutu ranar Talata. Tana tsakiya. Na ƙwanƙwasa gilashinta da yatsa ko maƙalewa ta yi. Muka haye ƙoli, ga filin Kenechi ina hangowa, ita kuwa tana ta gurnaninta lafiya lau.

Na juya na gangara, na sake hawa, wannan karon na taka mata totur da mugunta. Ko gezau.

A ƙoli na faka, na bar ta a kunne, na sauko na zagayo gabanta na tsaya ina cewa wai ke me kike nufi da ni. Sai na ji rigata ta manne a ragar gabanta. Iska take zuƙa, da ƙarfi, har tana jan rigar mutum. Na ɓamɓare rigar, ta sake zuƙe ta. Na kalli ramukan noti, na nan da na can, inda allon yake zama.

Inna lillahi. Daga fitila zuwa fitila.

Ranar da muka hau da Elisha, allon yana zaure. Ranar da ta tafasa, yana gabanta. Ranar Juma'a, yana gabanta. Ni na toshe mata hanci da hannuna, da sunana da lambar wayata, a tsakiyar bazara, sannan na ce ta ja kaya ta hau tudu. Wata gudan da ta yi da shi a shimfiɗaɗɗiyar hanya muka yi ta aiki, tana ta haƙuri ban sani ba. Wanda ya fara koyon mota jiya ma ya san lagireto iska yake sha. Amma da ni da Elisha da Ciyaman, muna ganin maleji muka daina tunani.

Na zauna a kan bamba na yi dariya har da hawaye, wata mai tallan gyaɗa ta canza hanya. Sai dariyar ta tsaya cak. Ai na sallama.

Laraba, da magariba

Na kai ta. Ba zan ɓoye mota a gida in aika da ƙarya ba. Na shiga filin, ma'aikatansa har sun fito da tukunyar gas ta yanka. Na ce wa Kenechi ina da magana, na gaya masa komai, ban rage ba. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya kira mai walda ya sa na maimaita.

Da ya gama ya share ido ya ce to ai shi ya ci riba ke nan, ya sayi matacciya ta tashi. Ya ce ko gobe ya sa ta a kasuwa da ranta, masu fasa dutse za su yi rububinta. Gaskiya ya faɗa, kuma haƙƙinsa ne. Na ce ban zo da hujja ba, roƙo na zo. Tunda nake ban taɓa roƙon a warware min ciniki ba.

Ya zagaya ta, ya sa tafin hannu a ragar, iska ta zuƙe shi. Ya daɗe a haka.

"Oga Mu'azu, labarinka da daɗi, amma ni ɗan kasuwa ne. Ranar Talata ku ja Gawa. In ta haye, na warware, ka tafi da tsohuwarka. In ta tsaya, a gindin tudun za mu fara yanka. Ko kuma ga makullin fara, ka ɗauka yanzu, ka kwana da gurbinka ba fargaba."

Ya ajiye makullin a kan bonet ɗin Gwaggo. Na kalle shi, kuma ba zan yi ƙarya ba, gwiwata cewa take ɗauka. Duk mai hankali ɗauka zai yi. Na ture masa abinsa na ce Allah ya kai mu Talata. Ya bar ni na dawo da ita gida har ranar.

Alhamis, 23 ga wata, da yamma

Elisha ya zo, na nuna masa allon a zaure. Ya kalle shi, ya kalle ni, ya cire hula ya zauna a ƙasa. Ya ce shi ma ya taɓa hango shi a titi, har ya ce a ransa kai, Mu'azu ya waye. Ya tambaye ni don me na kai masa ita ba allon. Na ce kunya. Ya ce to kunyata ta ci gasket, saura ƙiris ta ci mota. Daga nan ya shige ƙarƙashinta bai fito ba sai azahar. Ya ɗaure fambel, ya sassauta min kuloci, abin da nake roƙonsa shekara da shekaru yana ce min haka aka ƙera ta.

Na gaya wa Maman Ummi na ƙi makullin. Na shirya wa faɗa. Ta ce in ta faɗi fa? Na ce ba mota, ba gurbi, ƙarshen layi. Ta juya masarta ta ce, "To ai ka taɓa zama a can, Baban Ummi, ba mu mutu ba."

Asabar, 25 ga wata, bayan azahar

Na manta da wani abu, yau Ciyaman ya tuna min. A doka, wanda ya dawo da kai gida shi ke zama cikin Gawa ya riƙe sitiyari. Stanley ke nan. Da birki a ƙarƙashin ƙafarsa, ba mai gani. Ɗan taɓi kaɗan a tsakiyar tudu ya isa, kuma in na faɗi kowa zai matsa gaba a layi, har da shi.

Ya same ni wajen mai shayi ya ce, "Baba, abeg, ranar nan an kafa rumfar biki a hanyar baya, shi ya sa na bi kasuwa." Na ce Allah ya sa alheri. Rumfar biki ranar Talata, ka ji fa.

Litinin, 27 ga wata, da magariba

Na duba ruwa. Na duba mai. Na sake duba ruwa. Tuwo ya ƙi shiga.

Talata, 28 ga wata, bayan la'asar

Ta haye! Ta haye, ta haye.

Bari in bi a hankali. Kafin azahar gindin tudu ya cika: 'yan ƙungiya, 'yan acaɓa, masu rake, har da waɗanda ban san me ya kawo su ba. Kenechi ya zo da tukunyar gas a bayan akori-kura, ya ajiye ta inda zan gani, ɗan duniya. Elisha ya ɗaura sarƙa da hannunsa, ya ja ta ya sake ja. Stanley ya shiga Gawa. Ciyaman ya kalli rana, ya ɗaga hularsa ya sauke.

Na yi bisimilla na sa giya ta ɗaya. Sarƙa ta miƙe ta yi ƙara, Gwaggo ta durƙusa ta baya kamar mai shirin ɗaukar tulu, sannan muka motsa. Nauyin Gawa ba wasa ba ne, na ji shi har a haƙorana. Muka wuce mangwaro. Allura ta ɗan gota tsakiya, faɗin ƙwayar shinkafa. Daidai inda ta mutu ranar nan sai na ji ta yi nauyi, gudu ya ragu har mai tafiya a ƙasa zai wuce mu. Na ce shi ke nan, ya taka.

Na kalli madubi. Ƙafafun Stanley ne duka biyu a waje ta taga, ba takalmi, tafinsu yana kallon jama'a. A karkace yake riƙe da sitiyari. Ashe tun daga gindin tudu haka ya taho, don kada wani ya ce, don kada ni in ce. Tudun ne kawai. A nan ya fi tsauri, kullum ma a nan ya fi tsauri.

Na daina kallon madubi, na daina kallon allura. Na ce mata, Gwaggo, hancinki a buɗe yake, sauran naki ne. Na taka totur har ƙasa. Ta yi wani gurnani da rabon da in ji shi tun zamanin da muke fitar da tirela daga rafi, hayaƙi ya tashi baƙi ƙirin, ta ci gaba da hawa, kaɗan-kaɗan, ba ta tsaya ba. 'Yan acaɓa suna biye da mu dama da hagu suna hon. Da muka haye aka danna wa Gawa dutse a taya, na ji ihu ta ko'ina. Ni kuwa ko ƙofa na kasa buɗewa. Na kifa kai a sitiyari na yi kuka, kukan gaske, ban ji kunyar kowa ba.

Ciyaman ya ɗora hannu a bonet ya ce wannan ko shayi ba za ta dafa ba. Kenechi ya zo ya miƙo hannu a gaban Elisha da mai walda ya ce, "Na warware." Sannan ya raɗa min cewa ranar da ta mutu da gaske shi ne magajinta. Na ce ya nemi kujera, don zai jima yana jira.

Stanley ya sauko yana ɗingishi, ƙafafu sun sage. Na je na same shi. Ban iya dogon bayani ba, na dai kama hannunsa da hannu biyu na ce gobe ya zo gida cin masa. Ya ce, "Baba, wallahi akwai rumfa." Na ce na yarda.

Muka dawo ta bakin kasuwa. Akwai hanyar baya, na san da ita.

Alhamis, 30 ga wata, da hantsi

Allon ya samu aiki. Maman Ummi ta kafa shi a gefen murhunta yana tare mata iska, ta ce tunda abin da ya iya ke nan. Masu sayen masa suna karanta BA MA BARCI suna dariya. Lambar waya kuma mai fenti ya rubuta min a ƙofar mota.

Gwiwa tana nan tana ciwo, ko da yake kulocin ya yi sauƙi. Farar motar tana nan wajen Kenechi, kuma na san wata rana sai na hau irinta, ba na musu. Amma maleji saura ƙiris ya cika, kuma a hannuna zai koma sifili, in Allah ya yarda.

Ranar Talata, bakwai ga wata, Stanley ya ja Gwaggo ta bakin kasuwa, hancinta a sama, ina zaune a motarsa na sunkuyar da kai. To, ga shi na rubuta. Ba ta yi laifin komai ba.

Ciyaman ya kira yanzu. Wata tifa ta kafe a rafi wajen Maje, kuma layi namu ne.